Uwargida, Kin San Man Giyar Motarki?

  Darasinmu na wannan fitowa ya bar kicin da tsakar gida, ya nufi gareji. Na san wata za ta ce, "Haba Malama, ina ruwan uwargida da giyar mota, ba aikin maigida da bakanike ba ne?" Ki ɗan yi haƙuri ki ji abin da ya same ni tukuna.

Wata ranar bazara na ɗauko yara daga makarantar boko, ina sauri mu je gida su ci abinci mu wuce Islamiyya. Motar 'yar Kwatano ce, otomatik. Kusan wata biyu ke nan idan na sa ta a D da safe sai ta ɗan yi shiru kafin ta kama, wani lokaci kuma ta yi wata 'yar zabura idan za ta canza giya. Na ɗauka tsufa ne kawai. Ranar nan muna tsakiyar shataletale na taka totur, inji ya yi ta gurnani, mota ko motsi. Ga rana, ga yara uku a baya, ga masu hon ta ko'ina. Da ƙyar wasu bayin Allah suka tura mu gefe.

Da bakanike ya zo, ya zaro wani siririn ƙarfe daga cikin inji ya miƙo mini, ya ce, "Hajiya, sansana." Ƙauri ne kamar na tuwon da ya kama a tukunya, man kuma baƙi ƙirin. Ya ce, "Yaushe rabon da a canza man giya?" Na ce, "Ai ba ma wasa da juye, duk bayan wata uku ake yi." Ya ce, "Wancan baƙin mai ne na inji, Hajiya. Na giya daban yake." Shekara huɗu motar tana hannuna ban taɓa jin wannan magana ba. Kuɗin adashin da nake tattali da abin da maigida ya ƙara, duk a sayen wata giyar suka tafi, alhali 'yan litocin mai ne da sun tare abin. Tun daga ranar na zauna na koya, kuma abin da na koya ne zan ba ku a yau.

MENE NE AIKIN GIYA?

Injin mota yana juyawa da sauri ƙwarai. Ko a tsaye take, yana yin juyi 700 zuwa 800 a minti ɗaya, idan aka taka sosai kuma ya kan kai 6,000. Taya kuwa ba haka take so ba. Lokacin tashi tana bukatar ƙarfi mai yawa da juyi kaɗan, idan an miƙe hanya kuma tana bukatar juyi mai yawa da ƙarfi kaɗan. Giya ita ce mai shiga tsakani, tana karɓar juyin inji ta daidaita shi da bukatar taya.

Giya ta ɗaya ƙarfi gare ta, ba gudu. Ita ce ta tashi da hawan tudu. Giya ta sama gudu gare ta, ba ƙarfi. Ita ce ta babban titi, kuma ita ke rage shan fetur. Duk wadda ta taɓa ganin keken yara mai giya ta ga misalin abin.

IRE-IRENTA

Iri uku za ki fi haɗuwa da su. Na farko manuwal, wadda direba ke taka kuloci ya canza da hannunsa. Na biyu otomatik, mai canza kanta. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara yin ta da yawa don sayarwa, a motocin Oldsmobile ƙirar 1940, ya sa mata suna Hydra-Matic. Na uku ita ce CVT. A ido da wajen tuƙi kamar otomatik take, amma a ciki ba ta da matakai na ɗaya, biyu, uku. Bel ne na ƙarfe yake gudu tsakanin gargare biyu masu buɗewa da tsukewa. Nissan Murano ƙirar 2003 zuwa 2024 da Altima tun 2007 suna da ita, haka yawancin Honda Accord masu silinda huɗu tun ƙirar 2013, da yawancin Corolla ƙirar Amurka tun 2014. Ki riƙe wannan, domin za mu dawo kansa wajen zaɓen mai.

Darasin zai fi karkata ga otomatik, saboda ita ce a hannun yawancinmu, kuma ita ce ba ta yafe sakaci.

ABIN DA KE CIKIN OTOMATIK

Ki ɗauki fanka biyu ki sa su suna kallon juna, ki kunna ɗaya ki bar ɗaya. Iskar ta farko za ta juya ta biyu, ko da yake ba abin da ya haɗa su. To haka inji yake juya giyar otomatik, sai dai a maimakon iska, mai ne. Wannan sashe shi kanikawa ke kira konbata. Shi ya sa za ki taka birki ki tsaya cak a D inji bai mutu ba, shi ya sa kuma da kin ɗaga ƙafa mota take fara silalewa gaba da kanta.

Bayan konbata akwai haƙoran giya, akwai kuma faya-fayen kuloci a jere, waɗanda ake kira faiba. Idan lokacin canji ya yi, famfo ne ke turo mai da ƙarfi ta wasu ƙananan hanyoyi, man ya matse waɗannan faya-faye, giya ɗaya ta saki wata ta kama. Kwamfutar mota ce ke cewa ga lokacin, bisa ga gudunki da yadda kika taka totur, amma mai ne ke aiwatarwa.

Kin ga ke nan man giya, wanda ake rubuta ATF a jikin galan ɗinsa, ba shafawa kawai yake yi ba. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa giya. Shi ke matse faiba. Shi ke hana ƙarafa cin juna. Shi ke kwashe zafi ya kai lagireto a sanyaya. Shi ke wanke dattin ciki ya kai wa filta. Kuma dole santsinsa ya zama daidai: idan ya yi yawa faiba ta zame, idan ya yi kaɗan ta kama da fizga.

Babban maƙiyinsa zafi. Yana aiki ne a wajen digiri 80, kuma duk abin da ya ƙaru sosai a kan haka yana rage masa kwana. Uwargida ta san abin da ke faruwa da man suya idan aka yi ta maimaita shi a wuta: ya yi duhu, ya yi kauri, ya canza wari. Haka man giya. Mu kuwa muna ƙasar da zafin Maris zuwa Mayu kan wuce digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, ga ƙura, ga cunkoso, ga gajerun tafiye-tafiyen kai yara da ɗauko su.

HALIN LAFIYAYYAR GIYA

Ba kowane motsi ne ciwo ba. Kafin ki gane mara lafiya, sai kin san mai lafiya.

Idan kika sa D ko R, za ta kama cikin daƙiƙa ɗaya ko makamancin haka, da ɗan motsi kaɗan. A kan tafiya za ki ji ƙarar inji ta hau, ta ɗan sauka, ta sake hawa. Wannan saukar ita ce canjin giya. Idan kika danna totur ƙasa don ki wuce wata mota, za ta koma giyar ƙasa, inji ya yi ƙara, mota ta zabura. Wannan ma daidai ne, ƙarfi take nemo miki. Da sanyin safiyar hunturu ta kan jinkirta hawa giyar sama har sai ta ɗumama, da gangan aka yi ta haka. Mai CVT kuwa, idan kin taka sai ƙarar inji ta tsaya wuri ɗaya gudu yana ta ƙaruwa. Mata da yawa kan tsorata su ce giya tana zamewa, alhali halinta ke nan.

ALAMUN CIWO

1. Jinkirin kamawa: kin sa D ko R, sai an ɗan jima kafin ta amsa, ko ta amsa da duka.
2. Zamewa: inji yana ƙara, gudu bai ƙaru ba.
3. Fizga ko duka lokacin canji.
4. Karkarwa a kan miƙaƙƙiyar hanya, kamar kina bin titi mai tsakuwa alhali kwalta ce sumul.
5. Ƙauri, ko wani kuka siriri da ke bin hawan inji.
6. Ɗigon jan mai a inda kike ajiye mota. Ki shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare, da safe ki duba. Baƙi na inji ne, ja ko ruwan ƙasa mai ja-ja na giya ne ko na sitiyari, farin ruwa kuma yawanci na na'urar sanyaya mota ne.
7. Wuta a dashbod: hoton inji ya kama, ko harafin D yana ƙiftawa a Honda, ko O/D OFF yana ƙiftawa a tsofaffin Toyota.
8. Mota ta maƙale a giya ɗaya, ta biyu ko ta uku, ta ƙi hawa ta ƙi sauka. Kwamfuta ce ta ga matsala ta kulle ta a nan don ki lallaɓa ki isa gareji. Ba izinin ci gaba da zirga-zirga ba ne.

Ni alama ta ɗaya da ta uku na yi wata biyu ina gani ina kau da kai.

YADDA AKE DUBA MAN

Idan motarki tana da sandar gwaji, wato geji, wannan aikin minti biyar ne, kuma ke ma za ki iya. Sau ɗaya a wata ya isa.

Da farko ki yi tafiyar minti goma zuwa sha biyar don man ya ɗauki zafinsa, domin yana kumbura idan ya yi zafi. Ki tsaya a wuri mai daidai, ba gangara ba, ki ja birkin hannu. Ƙafarki a kan birki, ki bi da giya ta kowane harafi, kina ɗan tsayawa a kowanne, sannan ki mayar da ita P.

A yawancin motoci, har da Toyota, ana dubawa ne inji yana aiki. Honda masu geji kuwa sai an kashe inji, a duba nan take cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Littafin motarki shi ne alƙali. Idan bai zo da ita ba, ana samunsa a intanet da sunan motar da shekararta.

A nan akwai gargaɗin da ya shafe mu mata musamman. Kada ki sunkuya a kan inji mai aiki da hijabi ko mayafi yana lilo. Akwai bel da ke gudu, akwai fanka da ke tashi da kanta ba sanarwa. Ki tattare hijabin ki ɗaure shi ta baya, ki cire awarwaro, ki kori yara daga wurin. Idan hankalinki bai kwanta ba, ki sa maigida ko babban ɗanki ya zaro, ke ki karanta.

Geji biyu ne, kada ki rikita su. Na inji daban, na giya daban, kuma na giya sau da yawa akwai rubutu a jikinsa. Ki zaro, ki goge da farin ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, ki mayar har ƙarshe, ki sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin da aka rubuta HOT. Sai ki duba abu uku:

Launi. Ja garau ko ja mai ɗan duhu, lafiya. Ruwan ƙasa, ya tsufa, a shirya canji. Baƙi, an makara, a je a duba. Idan ya zama kamar an zuba madara a zoɓo, ruwa ne ya shiga, kada ki ƙara tuƙa ta ko nan da can. Ki sani kuma jan launin rini ne aka sa don a bambanta shi da sauran mayuka. Man CVT na wasu kamfanoni kore ne, wasu ruwan zuma.

Wari. Ƙauri yana nufin man ya ƙone, wataƙila faiba ma ta fara ƙonewa.

Datti. Ki murza a ƙyallen. Idan kin ga ƙyalƙyalin ƙarfe ko baƙin gari, abin ya wuce canjin mai kawai.

Idan man ya yi ƙasa, ki tuna giya ba ta ƙona mai yadda inji kan yi. Raguwarsa na nufin yana yoyo a wani wuri, sai a nemo. Wajen ƙari kuma a zuba kaɗan-kaɗan da mazurari mai tsabta ana sake gwadawa, saboda cika shi fiye da ƙima yana sa ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse faiba.

Motoci da yawa na 'yan shekarun nan ba su da geji sam. Irin waɗannan sai a gareji, a ɗaga mota, a auna ta wani noti a jikin giyar, a wani zafi na musamman. Wannan ba aikin gida ba ne, kuma ba kowane bakanike ya san shi ba. Ki tambaye shi yadda zai auna tun kafin ya kwance komai.

WANE MAI?

A nan aka fi yin ɓarna. Ba duk jan mai ne ɗaya ba. Kowane kamfani ya haɗa nasa daidai da irin faibar da ya sa. General Motors suna da Dexron tun 1967, suka fitar da Dexron VI a 2005. Ford suna da Mercon tun 1987. Toyota suna da T-IV na motocinsu da yawa na farkon shekarun 2000, da WS na waɗanda suka biyo baya. Honda suna da Z1 a da, suka maye gurbinsa da DW-1. Masu CVT nasu daban ne kwata-kwata: NS-2 da NS-3 na Nissan, HCF-2 na sababbin Honda. Zuba man otomatik na gama-gari a CVT hanya ce ta kashe ta. Manuwal ma tana da nata, sau da yawa mai kauri irin 75W-90, wasu kuma na musamman da kamfanin ya ambata.

Don haka ki nemo sunan man motarki, a littafi ko a jikin geji, ki rubuta a takarda ki ajiye a cikin motar. Ki saya a rufe da hatiminsa, a shagon da aka sani, a buɗe a gabanki ko gaban wanda kika wakilta. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi, ba ki san me ke ciki ba. Araha ba ta ado. Haka magungunan da ake tallar cewa a zuba su gyara giya, ba sa mayar da faibar da ta cinye.

YAUSHE AKE CANZAWA?

Littafin mota ya kan ba da lissafi biyu, na tuƙin sauƙi da na tuƙin wahala. Zafi, ƙura, cunkoso, lodi da gajerun tafiye-tafiye duk suna cikin na wahala, don haka mu lissafi na biyu ne namu. Idan ba littafi, canji a kowane kilomita 40,000 zuwa 60,000 shi ne abin da ya fi kwanciyar hankali a irin yanayinmu. Wasu motocin an ce mansu ba ya bukatar canji, amma ko kamfanonin da suka faɗi haka sukan sa ƙa'idar canji ga mai tuƙin wahala.

Ki lura da wani tarko. Motocin da aka shigo da su daga Amurka mil suke ƙirgawa, ba kilomita ba, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Idan agogonki ya nuna kin yi 30,000 tun canjin baya, kilomita 48,000 ke nan. Kuma duk motar da aka sayo ta hannu, ba ki san tarihinta ba, a duba man giyarta a makon farko.

Canjin iri biyu ne. Na farko a kwance notin ƙasa, abin da ya zubo a auna a mayar da sabo daidai da shi. A yawancin ƙananan motoci lita uku zuwa huɗu ke fita, ƙasa da rabin abin da ke ciki, domin sauran yana maƙale a konbata. Shi ya sa idan man ya tsufa ake maimaitawa bayan an ɗan yi tafiya, sau biyu ko uku. Na biyu shi ne wanke giya da inji, a kore tsohon duka. Giyar da aka daɗe ba a kula ba, na farkon ya fi mata, saboda wankin ƙarfi kan tayar da datti ya toshe ƙananan hanyoyin mai. Idan giyar tana da faranti a ƙasa, a kwance shi a wanke, a goge maganaɗisun da ke kama garin ƙarfe, a canza filta da gasket.

Za ki ji ana cewa, "Kada a taɓa man giya, da an canza take mutuwa." Ga asalin maganar. Mutane ba sa tuna man sai giya ta fara zamewa. A lokacin faiba ta riga ta cinye, garinta da ke yawo a tsohon man ne yake ɗan ba ta kamu. Da aka zuba sabo sai ciwon ya fito fili, aka ɗora wa sabon mai laifi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ga giyar da ta riga ta lalace, amma ga lafiyayya canji a kan lokaci shi ne tsawon ranta.

Tsohon man da aka juye kuma kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya, kada a adana shi a robar lemo inda yaro zai gani ya ɗauka abin sha ne. A bar shi a gareji.

HALAYEN TUƘI

Ki tsaya cak kafin ki canza daga R zuwa D, ko daga D zuwa R. Canzawa mota tana tafiya, faiba ce ke yin aikin birki.

Wajen fakin, ki taka birki, ki ja birkin hannu, sannan ki sa P. Abin da ke riƙe mota a P wani ɗan ƙugiya ne na ƙarfe, bai fi yatsa ba. Idan kika bar masa nauyin mota a gangara, shi ne za ki ji "ƙas" lokacin fitar da giya.

Kada ki sa firi, wato N, a gangara don tattalin fetur. Motocin yanzu suna rage fetur da kansu idan kin ɗaga ƙafa a D, a firi kuwa kin rasa riƙon inji, birki kaɗai ya rage miki. A doguwar gangara ma saukowa ake yi zuwa 2 ko L, inji ya taya birki.

Kada ki riƙe mota a kan tudu da totur. Birki ne aikinsa, totur dafa mai yake yi. Haka idan kin kafe a yashi ko taɓo, yawan murza taya yana ƙona man cikin 'yan mintuna. A haƙa, a sa katako, a tura.

Da damina ki guji ruwa mai zurfi. Giya tana da 'yar ƙofar shan iska a samanta, ruwa kan bi ta nan. Idan dole ta sa kin ratsa, a duba launin man washegari.

Ki kula da lagireto. A yawancin motoci bututun man giya ta cikinsa yake bi don ya huce. Inji ya yi zafi, giya ma ta yi. Zuba ruwan famfo zalla a maimakon ruwan lagireto na musamman yana kawo tsatsa, tsatsa ta huda bututun, ruwa ya gauraya da mai.

Otomatik ba ta tashi da turi, kada a wahalar da yaran unguwa. Idan ta lalace kuma, kada a ja ta da igiya tafiya mai nisa tayoyin da giya ke juyawa suna ƙasa, domin famfon mai ba ya aiki sai inji yana aiki, ƙarafa za su yi ta juyawa a bushe. A ɗora ta a kan motar ɗaukar mota, ko a ɗaga waɗannan tayoyin.

Mai manuwal kuma ta sauke ƙafarta daga kuloci da zarar ta gama canji, kada ta mayar da shi matashi.

A GABAN BAKANIKE

Idan aka ce miki giya ta mutu sai an sayo wata, kada ki yi saurin amincewa. Ki ce, "Malam, an duba yawan man da launinsa? An sa kwamfuta an karanta abin da motar ta ce?" Sau da yawa ƙarancin mai ne, ko wata 'yar na'urar lantarki, ko wayar da ta saki, kai har matsalar inji kamar fulogi kan yi kama da ta giya. Jin ra'ayin bakanike na biyu kafin babban kashe kuɗi ba rashin yarda ba ne. Idan kuma dole sai an sayi ta hannu, a nemi sharaɗin gwaji na wasu kwanaki, a wanke bututun da ke zuwa lagireto, a zuba sabon mai irin nata.

Ki ware ɗan littafi a motar: ranar canji, lambar agogo, sunan mai, lita nawa. Ko da maigida ne ke kai ta gareji, ko direba, ke ce kike jin halinta kullum. Ki gaya masa abin da kika ji dalla-dalla: da safe ne ko bayan ta yi zafi, a D ne ko a R, a wane gudu. Wannan bayanin rabin gyara ne. Dukiyar gida amana ce a hannunmu, kuma rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYIN BITA

1. Kawo ayyuka huɗu na man giya.
2. Me launin madara a man giya yake nufi, kuma me za ki yi?
3. Agogon motarki mil yake ƙirgawa, ya nuna 25,000 tun canjin baya. Kilomita nawa ke nan?
4. Me ya sa ake jan birkin hannu kafin a sa P?
5. Me ya sa ba a jan otomatik da igiya tafiya mai nisa?

Aikin gida kuma guda ɗaya ne: kafin fitowa ta gaba, kowacce ta nemo irin giyar motar gidansu, sunan man da take sha, da ranar da aka canza shi na ƙarshe. Wadda ta tambaya aka yi shiru, to ta san inda za a fara.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya kai mu gidajenmu lafiya, Ya sa albarka a abin da Ya ba mu.